Yadda Manoman Jojiya Suka Ceci Irin Inabinsu

Ƙasar Jojiya, wadda ke tsakanin Baƙin Teku da duwatsun Kwakasas, ƙarama ce, amma tana da nau'o'in inabi na asali fiye da 500, alhali kuwa waɗanda ake nomawa domin kasuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Akasari giya ake yi da inabin, amma ni ba mai shan giya ba ne, kuma ba tallarta nake yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka yi wannan iri mai yawa ya tsira, bayan an shafe shekaru hukuma ba ta damu da shi ba.

Cibiyar noman ita ce lardin Kakheti da ke gabashin ƙasar, musamman kwarin kogin Alazani, inda ake samun mafi yawan inabin Jojiya. Nau'i biyu ne suka mamaye gonakinsa: Rkatsiteli, wanda fari ne mai jure sanyi, da Saperavi, baƙin inabin da har tsokar cikinsa ja ce, ba ɓawonsa kaɗai ba, abin da ba a cika samu ba a inabin wasu ƙasashe.

Idan lokacin girbi ya yi, wato watannin Satumba da Oktoba, sai a matse inabin a zuba ruwan tare da ɓawo da ƙwaya, wani lokaci har da tsinken, cikin wata babbar tukunyar yumɓu da ake kira kwebri. Kamar randa take, sai dai gindinta tsini ne, kuma ana binne ta a ƙasa har wuya bayan an shafe cikinta da kakin zuma. Sanyin ƙasa ne ke daidaita zafin da ke tasowa yayin da ruwan ke tsimuwa, sannan a toshe bakin a bar shi kusan wata shida, ƙwaya da ɓawo su kwanta a tsinin gindi, ruwan ya tace kansa a sama. Wannan daɗewa tare da ɓawo ita ce ke sa ruwan farin inabi ya koma launin zuma. Hukumar UNESCO ta sanya wannan fasaha cikin al'adun gado na duniya a 2013, kuma a 2017 masu bincike suka bayyana cewa guntayen tukwanen da aka tono a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tbilisi, babban birnin ƙasar, suna ɗauke da alamar giyar inabi ta kimanin shekara 8,000.

Asarar nau'o'in inabin ta fara ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya shigo, har aka koma yi wa kurangar gida aure da saiwar inabin Amurka. Amma a ganina, zamanin da Jojiya ke cikin Tarayyar Sobiyet ne ya fi yin ɓarna, domin gonakin gwamnati yawan amfani kawai suke nema, sai suka rungumi Rkatsiteli da Saperavi suka yi watsi da duk nau'in da ke ba da 'ya'ya kaɗan ko yake buƙatar kulawa. Waɗanda suka riƙe sauran su ne magidanta a ƙauyuka, waɗanda suka ci gaba da rainon 'yan kurangu a harabar gidajensu, suna yin na shansu da kuma curcikela, wato gyaɗar turawa da ake jerawa a zare a tsoma cikin kunun ruwan inabi a shanya.

Da Rasha, wadda ita ce babbar mai saye, ta hana shigar da giyar Jojiya daga 2006 zuwa 2013, dole ta sa masu sana'ar suka nemi kasuwa a Turai da Amurka da Asiya, kuma a can sai suka tarar cewa abin da ba a samu a ko'ina ba shi ne ke da daraja. Daga nan aka shiga bin ƙauyuka ana neman tsofaffin kurangu. Wani nau'in farin inabi mai suna Kisi, wanda ya kusa ɓacewa daga Kakheti, ya dawo gonaki tare da wani mai suna Khikhvi, kuma a Jighaura, kusa da garin Mtskheta, akwai gonar adana iri mai ɗauke da nau'o'in gida fiye da 400, inda ake yaɗa dashe domin manoma.