Ɗigo uku

Asabar, 27 ga Afrilu, 2024

Sha ɗaya saura na dare. Kowa ya baje tabarma a tsakar gida saboda zafi, Ummi har ta yi nisa, ni kuwa idona ya bushe. Bari in rubuta ko zuciya ta sauka.

Da murna na tashi, wallahi. Kun san Asabar ɗin da ta fi kusa da 25 ga Afrilu ba na zuwa ɗaurin aure, ba na leƙa kasuwa. Ranar Markoni ce, Ba'italiyen nan da ya yi fice wajen fara aika saƙo ta rediyo ba tare da waya ba. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Konwol a Ingila ke shirya ta duk shekara, awa 24 cur a agogon GMT. Tashoshin biki su buɗe daga wuraren da mutumin ya taɓa kafa eriya ko ya yi gwaji, mu kuma na nesa mu yi ta farautarsu ɗaya bayan ɗaya. Ta bana ta fi armashi, don shekara 150 ke nan da haihuwarsa a Bolonya. Tun jiya na bar batir ya sha rana ya ƙoshi, na hau soro na ɗaure ƙafar eriyar da iskar Talata ta kwance.

An ɗauke wuta tun asuba. A rana irin ta yau alheri ne, cajoji da fitilun unguwa duk sun mutu, shuuu ɗin da ke cika min kunne ya kwanta, har sai da mai walda ya tada janareto wajen goma.

Mita 15, ɗaya daga cikin zangunan da muke magana a kai, a buɗe take tun hantsi, Italiyawa kamar a bayan katanga suke magana. Na samu IY4FGM, tashar da ke Villa Griffone, gidan su Markoni, inda a 1895 ya aika sigina ta tsallake tudu aka harba bindiga daga can don ya san ta isa. Rububi ne sosai, sai a kira na bakwai ya tsinto ni. GB4IMD ta mutanen Konwol da ƙyar, biyar-uku ya ba ni a rahoton yadda yake ji na, wato sigina mai rauni, amma dai ta shiga littafi. Kafin azahar ina da tashoshi tara.

Koko ya huce a kan tebur. Ummi ta leƙo sau biyu tana tambaya ko oba-oba ta tashi.

Ta takwas ɗin ce ta hana ni barci.

Wata tasha ce daga gaɓar yammacin Ailan, dattijo ne a bakin makirfo, muryarsa a natse, ba ya gaggawa. Da ya ji 5N, farkon lambar kiran 'yan Najeriya, sai ya tsayar da cunkoson Turai gaba ɗaya, ya ce kowa ya dakata, Afirka na kira. Muka yi musayar rahoto, biyar-bakwai da biyar-takwas. A ƙa'ida nan ake sallama, mutane na jira. Shi kuwa ya tambaye ni garin da nake, na ce Kano. Ya ce ya san sunan tun yana yaro. Ya ba ni labarin inda suke zaune, rumfa ce suka kafa a fili, iska na neman tafiya da ita, su shida suna karɓa-karɓa, matar ɗayansu ta kawo shayi. Sannan ya ce, ku fa a Kano, wane biki kuke buɗe wa tasha? Faɗa min ranar in rubuta, in neme ku.

Na danna makirfo. Na riƙe. Babu abin da ya fito. Ina jin fankar rediyo tana juyawa, na san mutum ɗari na saurare daga Jamus zuwa Rasha. Daga ƙarshe na ce wataƙila wata rana, na gode, 73, wato sallamarmu ta fatan alheri. Ya ce zai sa kunne. Ya koma kan jama'arsa.

Na juya na kalli bango. Shekara goma sha ɗaya ina manna katunan QSL, katunan shaidar cewa an yi magana da wata tasha, a wurin. Ga jerin K2A zuwa K2M na Amurkawa, tashoshi goma sha uku da suke buɗewa a makon farko na Yuli don tuna yankuna goma sha ukun da suka kafa ƙasarsu. Ga na hasumiyoyin fitilar teku da ake yi a Agusta. Ga na 'yan sikawut na Oktoba, wanda yara ke karɓar makirfo suna in-ina. Akwai wanda aka buɗe don tsohon injin niƙa mai aiki da iska, akwai na wani ƙauye da ya cika shekara ɗari takwas, ƙauyen da bai kai unguwarmu yawan mutane ba. Kowane kati da hoto a gaba, da 'yan layuka a baya suna cewa ga mu, ga abin da ya faru a wurinmu. Na san tarihin garuruwan da ba zan taɓa takawa ba ta wannan hanya, kuma ina son abin har raina. Amma duk bangon nan bikin wasu ne. Ban taɓa lura ba sai yau.

Azahar, wanka, mangwaro biyu. Ban koma kan rediyo ba.

Bayan la'asar Abba ya kawo Kawu a babur. Na shimfiɗa masa darduma a ɗakin zaure, kusa da tebur, don nan ne iska ke ɗan shigowa. Ya dube ni sau ɗaya ya ce, “Kai kuma wa ya mutu?”

Na kwashe labari na faɗa masa. Na ƙara da abin da na yini ina saƙawa: ranar 1 ga Nuwamba, 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, suka biyo ta Sudan da Chadi, suka sauka a filin sukuwa, zamanin Sarki Usman. Baɗi shekara ɗari cif. Na ce, “Kawu, kun ga rana, kun ga lamba. A nemi lambar kira ta musamman, a kafa rumfa, a yi kwana biyu ana kiran duniya.”

Ya yi shiru yana murza carbi. Ya ce babansu yana wurin a ranar, ya sha ba su labarin yadda wasu suka zubar da kaya suka ruga, wasu suka tsaya suna salati. Sai kuma ya ɗago. “Amma jirgin wa? Za ka tara duniya ka ce a taya ku murnar ranar da Bature ya sauko muku ta sama?”

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Na ce ba Baturen za a tuna ba, garin za a tuna. Hanyar da jiragen suka biyo ita ce kakanninmu ke takawa da ƙafa zuwa Makka, shekara da shekaru kafin su dawo, wasu ma su zauna a Sudan har abada. Daga wannan sauka ne aka zo ga filin jirgin da alhazai ke tashi yau su isa Jidda cikin awoyi. Ya ce ya ji. To marinar Ƙofar Mata fa? Kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Rumfa fa? Na ce waɗannan ba a riƙe musu takamaimiyar rana ba, tashar biki kuwa tana son rana da lamba mai cika. Ya ce, “Hawan Daushe ba shi da rana ne? Mutumin nan bai ce ka kawo masa takarda ba, cewa ya yi ka faɗa masa abin da kuke murna da shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kai kuma kana ta neman wadda za su gane.”

Nan na rasa ta cewa, karo na biyu a yini ɗaya. Don na san gaskiyar abin da ya ɗaure min baki da rana ba rashin tarihi ba ne. Su shida ne a rumfar can. Tasha irin wannan ba aikin mutum ɗaya ba ce: wani na kan makirfo, wani na rubuta lambobi, wani na barci don ya karɓi dare, wani ya bi takardar izini tun watanni kafin ranar, wani ya buga kati ya amsa ɗaruruwan da za su aiko. Waɗanda na sani masu lasisi a kusa da nan, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni ƙirga su, biyu kuma rediyonsu na cikin kwali. Na faɗa wa Kawu haka. Bai yi gardama ba.

Can ya fara wata magana, ba ni yake kallo ba, makullin Mos ɗin da ke gefen tebur, na buga saƙo da ɗigo da ja, yake kallo. Ya ce shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya, goma sha ta farko duk a kan tangaraho. Mutum ya zo da saƙo, a ƙirga kalmomi, ya biya, a buga. Baba ya rasu taho. Kuɗi sun iso. Farashin gyaɗa. An haifi namiji. Ya ce akwai daren da ya buga mutuwa uku da haihuwa biyu kafin ya tashi. “Duk na mutane. Ban taɓa zama na buga nawa ba ko sau ɗaya. Ba a ba mu waya don haka ba.”

Ban taɓa jin ya faɗi wannan ba.

Ya ce in miƙo masa abin. Na kashe ɓangaren aikawa, na bar sautin ɗaki kawai, na tura masa makullin. Ya ce nasu ba ya kuka haka, ƙwas-ƙwas yake yi, da tazarar da ke tsakani ake gane harafi. Ya tambayi me Markonin ya fara aikawa da har ake wannan hidima. Na ce wanda ya fara tsallake teku harafin S ne, ɗigo uku, ranar 12 ga Disamba, 1901, daga Poldhu a Konwol, shi kuma yana can ƙetaren Atilantika a kan tudun Signal Hill a Niyufanlan, ya ɗaga waya sama da filfilo irin na yara yana saurare. Kawu ya ce, “Shi ke nan? Ɗigo uku?” Na ce shi ke nan.

Ya buga su. Hannun nan da ke rawa idan ya ɗauki kofin shayi, a kan makulli ko gezau. Ya sake bugawa. Sai ya zarce, a hankali, kowane harafi da cikakkiyar tazararsa, na bi shi da kunne: K, A, N, O. Sau uku. Ummi ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu ba ta shigo ba.

Aka kira magariba. Yana sa takalmi, Abba na riƙe da shi, ya ce, “In kun yi, ko da ta jirgin ce, a ba ni minti goma.”

Na ce in sha Allahu, Kawu.

Tuwon dare ban ci kirki ba. Maman Ummi ta tambaya, na ce zafi ne. An kawo wuta ƙarfe tara, aka sake ɗaukewa.

Na ƙirga a yatsa ɗazu. Daga yau zuwa ɗaya ga Nuwambar baɗi wata goma sha takwas ne da 'yan kwanaki. Kawu yana da tamanin da shida, kuma tun azumi ƙafarsa ke kumbura. Hawan Daushe na babbar Sallah ya fi kusa, amma ban ga yadda takarda za ta fito kafin nan ba.

Na tura wa mutumin Zariya saƙo, na tura wa na Maraɗi, na ce akwai magana gobe a mita 40 bayan asuba. Na Maraɗi ya amsa da to. Na Zariya bai buɗe ba tukuna.