Farautar barewa a Wisconsin: dajin kowa, gonar mai shi, da shinge

A gidanmu farauta gado ce. Kakana maharbi ne, Baffana ma bai daina shiga daji ba sai da gwiwa ta ƙi. Ni boko ce ta ɗauke ni, aiki kuma ya kawo ni jihar Wisconsin a Amurka, inda na tarar ana ɗokin farautar barewa kamar yadda muke ɗokin sallah. A ƙarshen Nuwamba ake buɗe farautar bindiga ta kwana 9, mutum sama da rabin miliyan su fantsama daji cikin riguna ruwan lemo mai ƙyalli, don doka ta ce dole a hango ka daga nesa. Barewar tasu mai farar wutsiya ce, ta fi tamu jiki, namijin kuma yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara da hunturu, sabo ya tsiro. A kan ƙahon nan ne mutanen nan suke musu ba dare ba rana.

Na yi kwas ɗin horar da mafarauta, wanda tilas ne ga duk wanda aka haifa daga 1973, na yanki lasisi, wani dattijo abokin aikina ya yarda in riƙa bin sa. Ba ni da gona, ba ni da dangi mai gona, saboda haka dajin gwamnati ne rabona. Kuma akwai shi: dajin tarayya na Chequamegon-Nicolet kaɗai ya kai eka miliyan 1.5, ban da na jiha da na gundumomi. Ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Da lasisi a aljihu, kai da gwamna ɗaya kuke a can.

Amma dajin kowa, kowa na cikinsa. Tun kafin asuba motoci sun jeru a bakin hanya, fitilu na ta walƙiya tsakanin itatuwa. Gari na wayewa harbi zai tashi ta kowace kusurwa, zuwa hantsi duk barewar da ta tsira ta shige fadama mai duhuwa, ba ta sake fitowa sai dare. Dattijon ya koya mini in yi nisa da mota, in ratsa ruwan da wasu ke gudun ratsawa. Ya koya mini in fara duba inda iska take kaɗawa kafin in duba sawu, domin hancin dabbar nan ya fi idonta aiki. Na iya gane bishiyar da namiji ya goge da ƙaho, da ƙasar da ya tona da kofato don mata su san yana nan. Na daɗe ina komowa gida hannu rabbana, yatsu sun sandare, har ran da wani matashin namiji ya ratso gefen fadamar. Na yi bisimilla na harba, na same shi da sauran numfashi na yanka, na ja shi a ƙasa tsawon tafiyar da ba zan manta da ita ba. Ƙahonsa ƙanƙane ne. Mun ci naman har bazara, maƙwabta ma sun samu.

Bayan haka ne na fara jin ana kiran lambobi. A wurin aiki sai ka ji an ce wane ya harbo mai 150, wane mai 170. Awon ƙaho ke nan da inci. Ana auna tsawon manyan rassa biyu, da kowane ƙaramin reshe, da kaurin ƙahon a wuri huɗu kowane ɓangare, da faɗin tsakaninsu, sannan a cire bambancin da ke tsakanin dama da hagu. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa a 1887, ita ce mai babban kundin da ake rubuta manyan ƙahoni a ciki. Sai ƙaho ya bushe kwana 60 kafin mai awonsu ya sa masa ma'auni. Mai ƙaho daidaitacce sai ya kai 170 zai shiga kundin dindindin, mai ƙaho barkatai kuwa 195. Masu kwari da baka suna da tasu, Pope and Young, tun 1961, inda 125 ta isa.

Da farko na ɗauki abin alfahari ne kawai, amma tarihinsa ya sa na sassauta. Wajen 1900 masu farautar kasuwa sun kusa ƙarar da barewar nan, saura ba su wuce rabin miliyan ba a duk ƙasar. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman da aka samu ba bisa ƙa'ida ba, dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta sa haraji kan bindigogi da harsasai ana zuba shi a kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta su kusan miliyan 30. An yi kundin ne don ya nuna ko garke na farfaɗowa, ya kuma ja hankalin maharba su bar ƙanana su nemi tsofaffi. Wanda ya fito daga inda gobarar daji da karnuka suka share gada da gwanki, ba zai raina wannan aiki ba.

Mutanen Wisconsin suna da labarin da ba sa gajiya da shi. A 1914 James Jordan ya harbi wani namiji kusa da Danbury, ya ba mai gyaran kan dabba, mutumin ya yi ƙaura da shi. Bayan shekaru masu yawa kan ya ɓullo a gwanjo a Minnesota, aka auna ya ba da 206 1/8. Sai a 1978 aka amince Jordan ne maharbin, shi kuwa ya riga ya rasu. Wannan ƙaho ne kan gaba har 1993, lokacin da wani manomi, Milo Hanson, ya harbi mai 213 5/8 kusa da Biggar a Saskatchewan ta Kanada.

Duk mai son sunansa ya shiga kundin sai ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa farautar gaskiya ya yi. Ba hangowa daga jirgin sama, ba kora da mota, ba haske fitila, ba harbin dabbar da ke iyo ko ta maƙale a dusar ƙanƙara, ba kyamarar da ke turo hoto waya tana nuna maka inda dabbar take, kuma ba cikin shingen da dabba ba ta iya ficewa. Takardar ba ta hana gonar mutum ba. Nan ne musun yake.

Na shiga gonar mutum a gundumar Buffalo, can gefen kogin Mississippi, wadda ta fi kowace gunduma a Amurka yawan barewa a kundin nan. Surukin dattijon ne ya gayyace mu. Tuddai da kwazazzabai, masara da waken soya a ƙasa, ga wasu 'yan filaye da ya shuka musamman don barewa su ci. Shi da maƙwabtansa sun yi alkawari ba a taɓa namiji sai ya kai shekara huɗu zuwa biyar. Na zauna a kujerar ƙarfe a jikin bishiya, a yammaci guda na ga barewar da ta fi duk wadda na gani a dajin gwamnati yawa, suna kiwo da rana tsaka hankali kwance. Wanda na harba a can ya haura inci 140.

Ban ji na yi ha'inci ba. Shingen gonar waya ce ta shanu da barewa ke tsallakewa ba ta ko dubawa, kuma babban namijin da mai gonar ya yi shekaru yana tanadi, maƙwabci ne ya harbe shi a wannan kakar. Dabba na da hancinta, tana da ƙafarta, tana da inda za ta gudu. Sai dai na san wahalar da na sha a kan ƙaramin na fadama ta ninka wadda na sha a kan wannan. Abin da na fahimta shi ne ƙaho shekaru yake nunawa, da abinci, da jini. A dajin gwamnati namiji kan faɗi tun yana ɗan shekara ɗaya da rabi, don in ka ƙyale shi na bayanka ba zai ƙyale ba. A gona kuwa ana iya jira, kuma jiran nan da kuɗi ake sayensa: ko ka mallaki fili, ko ka yi hayarsa. A irin su Buffalo haya ta yi tsadar da 'ya'yan gari da yawa sun rasa wuraren da iyayensu ke shiga da sallama kawai. A Texas, inda kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasa ta masu ita ce, talaka ma ba shi da zaɓi sosai. Saboda haka in na ji lamba yanzu, tambayata ta farko ita ce a ina, kuma na fi girmama mai 120 daga dajin kowa bisa mai 160 daga filin haya, ko da yake dukansu halal ne a wurina.

Inda na ja layi shi ne dogon shinge mai ƙafa 8. A wata baje-kolin kayan farauta na ga rumfar wasu masu irin wannan gandu, da takardar farashi: kuɗi gwargwadon inci. Barewar kiwo ce, an zaɓi iyayenta, an ciyar da ita har ƙahon ya yi mata nauyi a ka, ka zaɓa a hoto ka biya. Wata ƙungiyar mafarauta mai suna Safari Club International na karɓar irinsu a kundinta a rukuni daban, Boone and Crockett da Pope and Young kuwa ba sa karɓa sam, kuma ina bayansu. A tsarin Amurka naman daji na jama'a ne, hukuma riƙon amana take yi, ko da dabbar na tsaye a gonarka. Shingen yana mai da ita dukiyar mutum ɗaya. Ga kuma cuta: wani ciwo mai cin ƙwaƙwalwar barewa, da aka fara gani a 1967 cikin waɗanda ake tsare da su a Colorado, ya bayyana a Wisconsin a 2002, kuma jigilar dabbobin kiwo daga gandu zuwa gandu na cikin hanyoyin yaɗuwarsa.

Na ba Baffa labarin gandun a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, wannan ai yanka ne, me ya kawo bindiga?" Na ce, "Baffa, ƙahon suke so su rataye a bango." Ya ce, "Naman fa?" Ya tuna mini Manzon Allah (SAW) ya hana a mai da mai rai abin gwada saiti, ya ce in kula kada awon ƙaho ya kai ni can.

Ban kai ƙahon da na samo a gundumar Buffalo wurin mai awo na hukuma ba, don bai kai lambar shiga kundi ba, kuma ba na nema. Yanzu yawancin farautata a dajin gwamnati nake yi, in kaka ta yi nisa kuma in je wajen manoman da barewa ke ɓata wa masara in roƙi izinin harbin mata, abin da da yawansu ke maraba da shi. Kowace na samu, sai na kai kanta an gwada cutar nan, sakamako ya fito, kafin a ɗora tukunya.