Ranar da na ga tsutsar siliki da idona

Sayen yadi ya kai ni Hanjo, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin. Da kayana suka makara, mai masaukina ya ja ni ƙauyensu kusa da birnin Huzhou. Ni kuwa ɗan kasuwa, na tafi ina gunaguni a zuci.

Abin da na tarar ya rufe min baki. Tafkunan kifi ne jere, gefensu an dasa bishiyar mulberi. Ganyenta tsutsar siliki ke ci, kashin tsutsar a zuba wa kifi, laka daga ƙasan tafkin kuma a kwaso ta a yi wa bishiyar taki. Haka kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru, har Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta sanya tsarin cikin gadon noman duniya a 2017. Wata tsohuwa ta jefa gida ɗaya na zare da tsutsar ke saƙa wa kanta a ruwan zafi, ta ja zare siriri kamar gashi, ya ƙi ƙarewa. Sai na tuna zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi a gida.

A wani ƙauyen masu siliki kuma, Kaixiangong, da ke gefen tafkin Taihu, a 1929 wata masaniyar siliki mai suna Fei Dasheng ta taimaka wa manoma suka haɗa hannun jari suka kafa masana'antar sarrafa zare tasu, maimakon sayar da ɗanyen kaya a araha. Yau dai yawancin kiwon tsutsar ya koma yankin Guangxi a kudancin Sin, inda filin noma da ƙwadago suka fi sauƙi.

Kayan nawa sun iso washegari.