Sabunta uwar garke daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04 a Damagaram

Uwar garken, wato kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta, tana cikin wani ɗan ɗaki a wata makaranta mai zaman kanta nan Damagaram, tana ɗauke da shafin makarantar da manhajar rajistar ɗalibai. Ubuntu 20.04, babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ce a kanta, da Apache 2.4.41 mai miƙa shafuka ga masu shigowa, PHP 7.4, harshen da aka rubuta manhajar rajistar da shi, da MySQL 8.0, rumbun bayanai. Masu PHP sun daina gyara 7.4 tun Nuwamba 2022, Ubuntu ce ta ci gaba da toshe ramukan tsaro, ita ma tallafinta na yau da kullum ga 20.04 ya ƙare a Mayu 2025. Daga nan ba sauran jinkiri. Ba a tsallakewa zuwa 24.04 kai tsaye, dole a bi ta 22.04.

Da ajiya na fara, kuma nan na fi daɗewa. Na'urar na ajiye kwafin bayanai da kanta kowane dare, amma da na leƙa sai na ga kowane fayil bayt 20 ne kacal. Wannan girman matsattsen fayil na gzip ne wanda ba a zuba masa komai ba. An sauya kalmar sirrin MySQL ba a gyara ta cikin umarnin ajiyar ba, watanni kenan ana tara fanko. Na sake ɗauka da hannu da mysqldump --single-transaction, na ɗaure /etc/apache2, /etc/php, /etc/letsencrypt da /var/www da tar, na kwashe a faifai na waje. Sannan na zuba su kan wata tsohuwar kwamfuta, na buɗe rajistar, na ga sunayen ɗalibai da idona. Sai a lokacin na yarda ina da ajiya.

Sai maganar wuta. Da bazara zafi na wuce digiri 40, wuta kuma na yawan ɗaukewa da rana, don haka na bari sai bayan isha'i. Batirin ajiyar wuta ya cika, janareta da mai. Na ce wa mai gadi: "Baba, in ta ɗauke, don Allah a tada shi nan take." Idan wuta ta yanke ana tsakiyar girka fakitin manhaja, umarnin dpkg --configure -a kan ceci na'ura, amma ba kullum ba.

Na gudanar da apt update da apt full-upgrade, na share tsofaffin kernel, wato zuciyar Ubuntu, da apt autoremove domin /boot ya kusa cika, na sake kunna na'urar, sannan do-release-upgrade, umarnin da ke kai na'ura sabon Ubuntu. Ga mai aiki daga nesa ta SSH, amintacciyar hanyar shiga na'ura daga wata kwamfuta, umarnin na buɗe ƙofa ta biyu a lamba 1022, a tabbata katangar tsaro ta bar ta a buɗe. A hanya zai tambaya ko a riƙe tsohon fayil ɗin saiti ko a ɗauki sabo. Kowane lokaci na danna D na duba bambancin kafin in amsa.

Na'urar ta tashi lafiya, Apache ya ƙi tashi. apachectl configtest ya nuna dalili: yana neman libphp7.4.so, alhali 22.04 da PHP 8.1 ta zo. Maganin a2dismod php7.4, sai a2enmod php8.1, sannan a sake tada Apache. Kada a tada shi tsakanin umarnin biyu. In ya tashi babu PHP, yana iya miƙa wa duk mai shigowa fayilolin manhajar yadda aka rubuta su, har da wanda ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai. Shi ya sa na rufe ƙofofi 80 da 443, inda masu buɗe shafin ke shigowa, har na gama.

Saitin php.ini ba ya bin mutum zuwa sabon gida. Na da yana /etc/php/7.4/apache2, sabon yana /etc/php/8.1/apache2, inda upload_max_filesize ya koma 2M, post_max_size kuma 8M. Hoton takardar haihuwa da aka ɗauka da waya kan wuce 2M, sai ya ƙi hawa ba tare da wani bayani ba. Na gwama fayilolin biyu da diff na mai da abin da aka sauya.

Shafin jarrabawa kuwa ya fito fari fat. A /var/log/apache2/error.log na ga manhajar na kiran each() da create_function(), waɗanda aka cire tun PHP 8.0. Wurare bakwai na gyara, na maye su da foreach da ƙananan ayyuka marasa suna. Da na yi grep, umarnin neman kalma cikin fayiloli, kan waɗannan sunaye kafin in fara, da na gyara su da rana ido na ganin gari. Haka kuma mysqli, hanyar da PHP ke magana da MySQL, a 8.1 ba ta yin shiru kan kuskure, tana tsayar da shafin.

Tsohon PuTTY na sakatare, manhajar da yake shiga na'urar da ita ta SSH, ya kasa shiga da makullinsa na RSA, domin OpenSSH 8.9 da 22.04 ta zo da shi ba ya karɓar tsohon sa hannu na SHA-1. Na sabunta masa PuTTY ɗin, ban sassauta tsaron na'urar ba. Na gwada certbot renew --dry-run, gwajin sabunta takardar tsaron shafin, ya wuce, na gyara umarnin ajiyar dare ya riƙa turo saƙo in fayil ya gaza megabayt ɗaya. Zuwa 24.04 da PHP 8.3 na bar shi sai babban hutu, kuma a kan tsohuwar kwamfutar zan fara gwadawa.