Ranar da 504 ta ƙi kawo wuta

Talata, bayan isha'i.

Yau da na shirya kai Hajiya Kaduna dubiyar ƙanwarta, Fijo 504 ɗin marigayi Baba ta ce ba ta san zancen ba. Ina murɗa makulli inji na juyawa da ƙarfinsa, amma ko tari ba ta yi ba. Batir lafiya ke nan. Mai kuwa jiya na sha a Kwangila nan Zariya, har warinsa na tasowa daga kafireta.

Yaran layinmu suka tura ni har bakin titin Tudun Wada, shiru, suka sake turo ni gida suna dariya. Na buɗe bonet, na zare wayar filogi ɗaya na kusantar da bakinta jikin inji, ƙanena ya murɗa. Babu wuta, ko ƙyas. Maƙwabcina ya leƙo ya ce kwayil ne, wato abin da ke ba filogi wuta, haka tasa ta yi bara. Saura kaɗan in hau acaɓa zuwa Sabon Gari in sayo sabo, sai Hajiya ta ce a fara kiran tsohon rewayan da ke duba wa Baba mota.

Ya iso da jakar buhu, ba wata na'ura sai ƙwan fitila mai waya biyu.

"Baba, kwayil ne ya mutu," na ce.

"Wa ya yi masa wanka?" Bai ko dube ni ba. "Kunna makulli, ɗana."

Ya maƙala waya ɗaya a jikin inji, ya taɓa ɗayar a kan kwayil ta inda wutar batir ke shiga. Ƙwai ya kama, wato makulli da waya ba su da laifi. Ya koma ɗaya ɓangaren, wanda ke tafiya distiributa mai rarraba wa filogogi wuta, ya ce a murɗa. Nan ya kamata ƙwan ya riƙa ƙiftawa, amma ko motsi. Sai ya ɓalle murfin distiributa, ya cire rota, ya nuna min da farce: ɗan dunduniyar kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa in inji na juyawa, ya cinye, bakin ba ya buɗewa ko kaɗan.

Ashe a daidai lokacin da kwantak ya buɗe ne kwayil ke ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai ya watsa wa filogi. In ya tsaya a rufe, kwayil zafi kawai zai yi ta yi. Shekara nawa ina tuƙa motar nan ban san haka ba.

Ya sa giya huɗu, muka ɗan jijjiga motar har tudun sandar distiributa ya zo daidai dunduniyar kwantak, ya sassauta sukuru, ya yago kwalin ashana ya cusa tsakanin bakin. Kusan milimita 0.4 ake so, shi kuwa da kwali yake aunawa. Ya goge bakin da ƙyalle, ya ɗiga ɗan giris a kan tudun sandar, ya mayar da komai.

Ni na riƙe wayar filogin a gwaji na biyu, da hannu tsirara. Wutar ta fizge ni har gwiwar hannu, na yi salati, shi kuwa har da riƙe ciki. Murɗawa ɗaya motar ta tashi.

La'asar ta riga ta yi, Hajiya ta ce ba ta bin hanyar Kaduna da yamma, sai gobe. Tsohon ya ce kafin mu kama hanya in biya Sabon Gari in sayi kwantak da kwandensa in jefa a akwatin gaba. Hannuna har yanzu yana zugi.