Kafin bidiyonka ya tashi, ƙirga abin da hannunka zai iya

Ƙannenmu masu sana'a a Maradi, dabarar tallata kai ba ta yi muku ƙaranci ba. A ce tela ya ɗora kekensa a amalanke, ya tsaya bakin babbar kasuwa yana ɗinka wa yaro riga nan take. Wani ya ɗauka a waya, ya sa a TikTok, kafin la'asar ya zagaya zaurukan WhatsApp har Yamai da Katsina, washegari ɗan jarida na kira. Abin da ya sha kayar da mu, mu da muka riga ku, shi ne kwanakin da ke biyo bayan wannan kiran.

A cikin hoton bidiyon kansa za ka rubuta sunan sana'arka, unguwarku da lambar waya, haɗe da +227. Idan a ƙasan bidiyon kawai ka rubuta, da zarar an sauke shi an tura ta WhatsApp, rubutun ya ɓace, dubbai su kalla ba wanda ya san inda kake. Lambar kuma ta zama ta layi daban, mai WhatsApp Business, ka jera hotunan kaya da kuɗinsu, ka sa saƙon da ke amsawa da kansa. Wanda ya tambayi farashi ya kwana biyu ba amsa, ya tafi ke nan.

Sai lissafi, kuma a nan ake karyewa. Tela mai iya riga uku a yini, saura kwana 20 salla, riga 60 ke nan. Cire ranakun da za a ɗauke kuran, cire kayan tsofaffin abokan cinikinka, wataƙila 40 ta rage. Ita kaɗai za ka karɓa. Na 41 ka ba shi haƙuri, ka ce sai bayan salla. Da wuya a iya faɗar haka lokacin da waya ke ta ruri, amma wanda ya karɓi kafin alƙalami na mutum 150 bashi ya ɗaukar wa kansa, kuma waɗanda suka yaɗa yabonsa su za su yaɗa ƙorafin masu kaya. Kada kafin alƙalami ya wuce rabin kuɗi. Kowane ka rubuta a littafi da suna, awo da ranar karɓa. Wanda ya ce ya turo ta Nita ko Amana, sai kuɗi sun shigo hannu za ka yanka yadi, don hoton rasiti abu ne mai sauƙin ƙirƙira. Mutanen Katsina da Kano kuwa, ka faɗa musu kuɗin da sefa, a canza da farashin ranar.

Ɗan jarida in ya zo, tambaye shi daga wace kafa yake, kuma kai-tsaye ne ko naɗa zai yi. Minti biyu ko uku za ka samu, ka tabbata sunan shago da unguwa sun fito daga bakinka. In ya ja ka zuwa siyasa, ka dawo da shi kan ɗinki. Kada ka ɗauki fuskar kowa ba da izninsa ba, musamman matan aure da yara, kada kuma ka kushe wani abokin sana'a da suna. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, gyaran 2024 kuma ya maido da ɗauri kan ɓata suna. In dabarar za ta tara jama'a a hanya, ka fara gaida shugabannin kasuwa. Takardun haraji ma su zama a shirye, mai suna ba ya ɓuya.

Yawan masu kallo ba kuɗi ba ne, kuma hayaniyar ba ta daɗewa. Don haka kada ka ci bashin sabbin kekuna ko ka kama babban shago a makon farko. Ka jira wata biyu ka ga nawa suka dawo. Kowa ya saya, roƙe shi ya ajiye lambarka, domin saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma wanda ya ajiye lambarka kaɗai yake isa.