Bulo 400 da na bari rana ta cinye a aikin gayyar ƙungiyarmu

Har yau in na bi ta layin nan na Mabera a Sakkwato na hango ɗakin da ƙungiyarmu ta gina wa wasu marayu sai in ji abu ya tokare min ƙirji, alhali ɗakin yana tsaye lafiya lau, marayun ma suna kwana ciki.

Ƙungiyarmu ta magina ba wata babba ba ce, birkiloli ne da kafintoci da masu ɗaurin rodi, kowa na zuba kuɗin wata. Kafin damina mukan je makabarta mu ɗaga inda katanga ta zube, cikin azumi a kai gero da sikari gidajen 'yan uwanmu da sunka rasu, bayan babbar sallah kuma a yi walimar yaye yaran da hannunsu ya faɗa a ba kowa cokalin gini da igiya. Waɗannan ba su taɓa ba mu ciwon kai ba. Babban aikin shi ne na gayya, ɗaki guda duk shekara ga wanda ya fi buƙata.

A 2024 abin ya faɗo kan iyalin wani abokin aikinmu da Allah ya yi wa rasuwa, ɗakinsu na ƙasa ne kuma ruwan Agustan da ya gabata ya kwantar da shi. Ni anka damƙa wa aikin. Lokacin nan buhun siminti ya haura naira dubu 10, sai na kawo shawara kada mu sayi bulon kasuwa, mu buga namu, zai fi arha ya fi ƙwari. Munka samu buhu 14 na simintin kamfanin Kalambaina sabo fil, tifa guda ta yashin gulbin Rima, munka taru da sassafe cikin azumi, ƙarshen Maris, kafin azahar mun jera bulo 400 'yan inci 9. Wallahi ranar har hoto na ɗauka don murna.

To ga inda na kashe kaina. Na lissafa siminti, yashi, kwano, katako, har ƙusa, amma ban sa kuɗin ruwa ba. Ni da na shekara 20 ina gini! Yaron da ya fara lebura jiya ma ya san bulo yana son ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, balle a zafin Sakkwato na watan Maris da ake haura digiri 40. Gidan babu famfo, sai an sayi kura gun 'yan ga-ruwa. Abin da na yi kawai, na rubuta a gurup ɗinmu na WhatsApp cewa duk wanda ya samu sarari ya biya ya ba bulo ruwa, mutum kusan 15 sunka amsa in sha Allahu, ni kuma na wuce wani aiki Boɗinga hankalina kwance. Ga azumi ga rana ga kowa da nashi aiki, kowa na zaton wani ya je.

Bayan ƙaramar sallah munka dawo ɗora gini. Bulon farko da na ɗaga, kusurwarshi ta marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Sarkin maginanmu, dattijo ne da ba ya da yawan magana, ya karce guda da makullin mashin, gari na zuba, ya saki wani daga daidai ƙugu ya rabe uku. Ya ce "Wa ka ba aikin ruwa?" Na ce Baba na sa a gurup. Ya ce "Sunan mutum guda nika tambaya." Ban da amsa.

Wasu sun ce a ɗora haka nan filasta za ta rufe. Baba ya ce marayu za su kwana ƙarƙashi, ba da shi ba. Guda 90 kacal munka tsinta, sauran anka farfasa anka yi ciko da su. Don a sake sayen siminti sai da anka taɓa kuɗin walimar yaye, yara 6 da sunka shekara suna jiran ranarsu anka sallame su ba shinkafa ba taro, ni ma na cika buhu 4 daga aljihuna kuma ban ga na biya ba.

Amma abin da ya fi ci min rai maganar matar marigayin ce. Ta ce "Ɗana, ai da ka faɗa min ruwa shi ka so, da ni da yaran nan mun ɗebo ko daga maƙwabta ne. Na ɗauka shanya shi kunka yi ya bushe." Kwana da kwanaki tana korar awaki kada su hau, tana tsaron bulon da rana ke kashewa a gabanta, don ban tsaya minti biyu na yi mata bayani ba.

Karo na biyu na biya mai kura kuɗin mako guda tun kafin a kwaɓa, na ɗora yarona guda a kan ruwan da sunanshi, munka lulluɓe bulon da buhunan siminti da zana, kullum bayan la'asar sai na je na taɓa da hannuna na ji danshi. Mun buga kwano ana saura 'yan kwanaki ruwan farko na Yuni ya sauka. Yanzu duk lissafin gayya da za a karanta a taro, layin farko ruwa ne da sunan mai ba da shi, ni na roƙa a mayar da shi haka. Ita kuma Inna, matar marigayin, duk sanda na leƙa gaisuwa sai ta sa yaro ya kawo min fura, in zauna in sha a kan daɓen da na san mi ke ƙarƙashinshi.